Sabon Sumo Ya Mutu Kafin Wata Uku: Laifin Wa, Kuma Wa Zai Biya?

A Bakura, Talata Mafara da Maradun, da wuya ka leƙa shagon kayan wuta ko na kayan famfo ba ka ga sumo a jingine ba: dogon ƙarfen nan mai sheƙi kamar taɓarya, wanda ake zurawa cikin rijiyar burtsatse ya turo ruwa sama. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kasuwarsa ta ƙara buɗewa, musamman mai aiki da hasken rana. Manoman rani da tsadar fetur ta ƙure, da magidanta, da kwamitocin masallatai da makarantu, kowa na neman ya huta da sayen mai da sayen ruwan jarka.

Sai dai bayan murnar ranar farko, akwai wani labari da yake yawan maimaita kansa. Wata biyu ko uku da sakawa, a danna makunni a ji shiru, ko a ji gurnani ba ruwa. Mai inji ya ɗauke shi ya koma shago. Mai shago ya ce, "Alhaji, ai wutarka ce ta ƙona shi." Mai haɗin wuta ya ce rijiyar ce ba ta da ruwa. Wanda ya haƙa rijiyar ya ce shi ya bar ta tana ambaliya, injin ne jabu. Mutum huɗu, kowa na nuna ɗan'uwansa, albasa da tumatir kuwa suna can suna yaushi, don shuka ba ta san ana shari'a ba.

Wannan rubutu zai duba abin da ke kashe sumo da wuri, da abin da garanti da dokar ƙasa suka tanada. Taƙaitaccen bayanin shi ne: yawancin irin wannan rigima ana cin ta ko a faɗi ta ne tun ranar da aka zura injin cikin rijiya, ba ranar da ya mutu ba.

Darasin da Bakolori ya bari

Mutanen wannan yanki ba baƙin mutuwar injin ruwa ba ne. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, an tsara ta ne don ta shayar da kimanin hekta 23,000 a waɗannan ƙananan hukumomi uku. Kimanin hekta 8,000 ruwa zai gangaro musu da kansa ta magudanai. Sauran kimanin 15,000 kuma sai manyan injuna sun tura ruwan cikin bututu ya fito ta na'urorin feshi. Duk wanda ya san yankin ya san yadda aka ƙare: ɓangaren gangara ya ci gaba da numfashi, ɓangaren feshi kuwa ya tsaya, saboda injunansa suna buƙatar tsayayyiyar wuta da kayan gyara da kulawa ta kullum. Ko da shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya zo gyaran Bakolori, cikin ayyukansa har da mayar da wani sashe na filin feshin ya koma na gangara.

Waɗancan manyan injunan tasha ne, ba sumo ba, amma darasin ɗaya ne: inji ba ya rayuwa shi kaɗai. Yana rayuwa ne da ruwan da aka sa shi a ciki, da wutar da ake ba shi, da mutumin da zai duba shi.

Matsalar kuma ba ta Zamfara kaɗai ba ce. Wani binciken Bankin Duniya da aka fitar a 2018, bisa ƙididdigar wuraren samar da ruwa ta ƙasa ta 2015, ya nuna fiye da kashi 38 cikin 100 na ingantattun wuraren ɗiban ruwa a Nijeriya ba sa aiki, kuma kimanin kashi 27 cikin 100 kan tsaya ne tun a shekararsu ta farko. Abin da ya lalace a shekarar farko ba tsufa ne ya kashe shi ba. Akwai abin da aka yi ba daidai ba tun daga tushe.

Yadda sumo yake aiki

Injin ban-ruwa na fetur da aka saba da shi a fadama yana zaune ne a sama yana zuƙo ruwa. Irin wannan zuƙa tana da iyaka: da zarar ruwa ya yi ƙasa da mita 7 zuwa 8, komai ƙarfin injin ba zai jawo shi ba. Sumo shi kuma nutsewa yake yi cikin ruwan ya turo shi daga ƙasa, shi ya sa yake iya aiki a zurfin mita 50, 80 ko fiye.

Kashi biyu ne a jikinsa. Na ƙasa shi ne moto, inda kwayil yake. Na sama kuma jerin farfelu ne a ɗore kan juna, kowace na karɓar ruwa daga ta ƙasanta tana ƙara masa ƙarfi. Akwai kuma wani nau'i da ya yi yawa cikin masu aiki da sola, wanda maimakon farfelu yake da murɗaɗɗen ƙarfe mai juyawa cikin roba.

Abin lura a nan shi ne, sumo ba shi da fanka. Ruwan da yake wucewa ta jikin moton shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma man shafawar farfelunsa. Duk abin da ya rage wannan ruwa, ko ya ƙara wa moton zafi, to yana rage masa kwana. Daga nan duk sauran bayanin ya taso.

Na farko: inji ya fi ƙarfin rijiya

Ƙasar wannan yanki iri biyu ce. Idan ka nufi gabas, wajen Maru da Gusau, dutse ne a ƙarƙashi, ruwa na maƙale ne a cikin tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa, don haka rijiya kan ba da ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ka nufi yamma, wajen Bakura zuwa Tureta, ka shiga shimfiɗar yashi da tsakuwa da yumɓu wadda masana ƙasa ke kira Gundumi. Kowace da irin cutar da take yi wa sumo.

Inda ruwa ya yi ƙaranci, babban kuskure shi ne sayen inji da ido, wato a ce "ba ni babba." Mu yi lissafi. A ce rijiya na kawo lita 1,000 a awa, aka sa mata injin da ke jan lita 3,000. Kesin mai faɗin inci 5 yana ɗaukar lita 10 zuwa 12 a kowace mita. Idan akwai ruwa mita 20 a saman injin, ajiyar ba ta wuce lita 240 ba. Giɓin lita 2,000 a awa zai cinye wannan ajiya cikin kimanin minti 7. Daga nan injin ya fara shan iska, ruwa na fitowa yana tari. Farfelun roba su yi zafi su narke, moto ya dahu.

Akwai kuma yanayi. Rijiyar da aka haƙa a watan Satumba ko Oktoba, ƙasa na ƙoshe da ruwan damina, ba ita ce rijiyar watan Afrilu da Mayu ba. Injin da aka rataye a zurfin da ya yi daidai da kaka, yana iya zama a sarari da bazara, daidai lokacin da aka fi matsa masa.

Maganin ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin inji: gwajin jan ruwa na awanni kafin a sayi sumo, don a san abin da rijiyar ke iya bayarwa da inda ruwan ke tsayawa idan ana ja, sai kuma ɗan firikwensin da ake ɗaurawa sama da injin, wanda ke kashe shi da zarar ruwa ya sauka.

Na biyu: yashi

Inda ƙasa take da yashi, ruwa kan wadata, amma yana zuwa da abokin tafiya. Manyan kamfanoni suna rubuta iyakar yashin da injinsu zai jure, yawanci tsakanin giram 50 zuwa 150 a cikin lita 1,000. Ga gwaji mai sauƙi: tari ruwa a bokiti mai lita 20, ka bar shi ya kwanta. Idan abin da ya taru a gindi ya cika ƙaramin cokalin shayi, wato giram 7 ko 8, ka ninka iyakar giram 50 sau bakwai, ka kuma wuce ta giram 150 fiye da sau biyu. Irin wannan ruwa yana cin farfela kamar yadda dutsen wāshi ke cin wuƙa, mai murɗaɗɗen ƙarfe kuwa robarsa ce ke fara buɗewa, ruwa ya riƙa raguwa kullum.

Yashi ba laifin inji ba ne. Yana shigowa ne idan ramukan matacin kesin sun yi faɗi, ko ba a zuba tsakuwar da ta dace a kewayensa ba, ko ba a wanke rijiyar da kwamfiresa har ruwanta ya yi garau ba. Wani lokaci kuma sabon sumon ne ake sa wa ya yi aikin wankin, ya sha laka da taɓo a ranarsa ta farko. Haka nan idan aka sauke shi har ya kusa zama a gindin rijiya, inda laka ke taruwa. Nijeriya na da ƙa'idojin haƙar rijiyar burtsatse da aka fitar tun 2010, kuma mai haƙa na ƙwarai ba zai ji haushi ba idan ka nemi ya rubuta maka zurfin rijiya da inda ya sa mataci.

Na uku: wuta da waya

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma yawancin moton sumo an yi su ne su jure sama ko ƙasa da haka da kashi 10 cikin 100, wato daga 207 zuwa 253. Idan wuta ta yi ƙasa, moto ba ya hutawa, ƙara zuƙar amfiya yake yi don ya riƙe nauyinsa, kwayil ya yi ta ɗaukar zafi. Wanda ke ƙarshen layi, nesa da taransfoma, ya fi kowa sanin wannan.

Waya kuma tana cin nata rabon. Injin mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan kimanin amfiya 8. A tsawon mita 100, wayar tagulla mai kaurin 1.5 za ta zubar da kimanin bolt 19 a hanya, mai 2.5 ta zubar da 11, mai 4 kuma 7 kacal. Idan dama wutar ta iso gidanka a 200, ka kuma sa siririyar waya, abin da zai isa ga moton bai fi 181 ba. Wannan lissafin na tagulla zalla ne. Akwai waya a kasuwa wadda cikinta alminiyon ne aka yi mata rufin tagulla, alminiyon kuwa bai kai kashi biyu cikin uku na tagulla wajen ɗaukar wuta ba. Kankare bakin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana, ka san abin da ka saya.

Sai mahaɗar waya da ke cikin ruwa. Idan aka naɗe ta da salatif na gama-gari maimakon kayan haɗi masu hana ruwa shiga, za ta yi aiki mako ɗaya ko wata ɗaya, sannan ruwa ya sami hanya.

Na huɗu: janareta da sola

A lokacin tashi, moto na jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ja idan ya daidaita. Shi ya sa kamfanin Franklin Electric na Amurka, a littafinsa na masu sakawa, ya nuna cewa moto mai doki ɗaya, wanda ƙarfinsa bai wuce wat 750 ba, yana son janareta mai kilowat 2.5 zuwa 4, gwargwadon nau'in janaretan. Ƙa'idar kuma ita ce a tayar da janareta ya daidaita kafin a kunna sumo, a kuma kashe sumo kafin a kashe janareta. Barin mai ya ƙare alhali injin na aiki yana cikin abubuwan da ke gajarta masa rai.

A ɓangaren sola, abin da ya fi mutuwa ba moton ba ne, kwanturola ce. Kowace kwanturola na da iyakar bolt da aka rubuta a jikinta. Babban fanel na zamani mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 idan ba a ɗora masa kaya ba. Uku a jere sun kusa 150, huɗu sun kusa 200. Mutum ya ga ruwa ya ragu, ya ƙaro fanel ɗaya ya jera, sai kwanturola mai iyakar 150 ta yi hayaƙi. Abin mamaki kuma, bolt na fanel ƙaruwa yake yi da sanyi, don haka haɗin da ya tsira da zafin Afrilu yana iya ƙonewa da sanyin safiyar hunturu. Da farkon damina kuma ga tsawa, wadda ba sai ta faɗa kan fanel ba, ko a kusa ta sauka tana iya aiko da bugu ta waya. Wayar ƙasa da na'urar tare bugun tsawa ba ado ba ne.

Na biyar: kunna-kashe, da kayan da ba su kai ba

Kowane tashi zafi ne ga kwayil. Injin da ake ta kunnawa ana kashewa don cika jarka ɗai-ɗai ya fi wahala a kan wanda ya cika tanki sau ɗaya ya huta. Idan kuma bawul mai hana ruwa komawa baya ya lalace, ruwan bututu zai riƙa juya farfelu da baya, a kunna a wannan hali sandar cikin ta iya karyewa.

Duk da haka, kada a ɗora wa mai saye komai. Akwai injin da tun daga masana'anta yake da aibi, ko da na babban kamfani ne. Akwai mai kwayil na alminiyon da ake sayarwa da sunan tagulla. Akwai wanda aka rubuta masa doki biyu alhali bai kai ba. Akwai jabu mai ɗauke da tambarin sanannen kamfani, akwai kuma tsoho da aka sake wa naɗi aka goge aka sa a kwali. Tambayar ita ce yadda za a bambance.

Mataccen inji yana ba da shaida

Ƙwararren mai naɗin kwayil yana iya karanta abubuwa da dama idan aka buɗe inji. Farfelu sun narke sun manne: alamar ya yi aiki ba ruwa. Farfelu sun side, da zane-zane kamar an goga takardar yashi: yashi ne. Kwayil ya yi baƙi gaba ɗaya daidai-wa-daida: zafi ne na tsawon lokaci, ko daga ƙarancin wuta, ko nauyi, ko rashin sanyaya. Kwayil na tashi kaɗai ya ƙone: a duba kafasita da akwatin kunnawa. Ɗan ƙaramin huji a wuri ɗaya, saura lafiya lau: ya fi kama da bugun tsawa. Moto lafiya, ruwa a mahaɗar waya: aikin mai haɗi ne. Idan kuwa farfelu tsaf suke, ruwa garau, wuta daidai, waya daidai, amma inji ya mutu cikin kwanaki, to zargi ya koma kan injin.

Waɗannan alamu ne, ba hukunci ba. Kuma akwai tarko: kusan kowane garanti yana faɗuwa da zarar wani ya kwance injin ba da izinin mai sayarwa ba. Don haka kada a buɗe sai a gaban ɓangarorin biyu, ko a wurin da dillalin ya amince.

Abin da garanti ya ƙunsa da wanda bai ƙunsa ba

Garanti alkawari ne a kan aibin ƙira da na kayan da aka yi injin da su. Ba inshora ba ne. Takardun manyan kamfanoni kusan duk sun cire ɓarnar yashi, aiki ba ruwa, matsalar wuta, tsawa da kuskuren sakawa. Sun kuma cire kuɗin ciro inji daga rijiya, da na mota, da na mayarwa, balle asarar amfanin gona. Ga mutumin Bakura wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dillalin da zai duba injin yana iya kasancewa a Gusau, Sakkwato, Kano ko ma Legas, ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyi suke ciki.

A lura da kwanan wata ma. Kamfanin Grundfos na ƙasar Denmak, alal misali, a ƙa'idarsa da aka fi sani yana ba da wata 24 daga ranar sakawa, amma kada ya wuce wata 30 daga ranar ƙira. Ma'ana, injin da ya shekara biyu a kan kanta ya riga ya cinye mafi yawan garantinsa kafin ka taɓa shi. Kuma garantin kamfani yana bin hanyar dillalan da ya amince da su ne. Wanda ya shigo ta wata hanya, ko da na gaske ne, yana iya zama maraya.

Yana da kyau a fahimci matsayin ƙaramin mai shago shi ma. Sau da yawa ya saro ne daga Sabon Garin Kano ko daga Legas, ba takarda, ribarsa a kan inji ɗaya ba ta kai ko kusa da kuɗin injin ba. Idan ya musanya maka, shi ba wanda zai musanya masa. Shi ya sa "garantin baki" yake da daɗin ji ranar ciniki, yake kuma da wuyar kamawa ranar rigima. Tambayar da ta fi "akwai garanti?" amfani ita ce: "Idan ya mutu, wa zai duba shi, a wane gari, kuma cikin kwana nawa?"

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa ba su san cewa ko ba katin garanti, doka ta ba mai saye kariya ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta yi magana a fili. Sashe na 131 ya ce mai saye na da haƙƙin samun kaya mai inganci, mai aiki, marar aibi, wanda zai yi ƙarko na lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ce idan kaya bai cika wannan ba, mai saye na iya mayar da shi cikin wata uku daga ranar da aka damƙa masa, ba tara, kuma ɗawainiyar na kan mai sayarwa, wanda zai gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 145 kuma ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai sayarwa idan aka yi zargin kaya na da aibi. Dokar ta kuma wajabta ba da shaidar ciniki a rubuce, da bayyana wa mai saye idan kayan na hannu ne ko gyararre. Rubutun nan na ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya share waɗannan haƙƙoƙi.

Abu biyu za a riƙe. Na ɗaya, wata ukun nan daga ranar karɓar kaya yake farawa, ba ranar sakawa ba. Wanda ya sayi sumo ya ajiye yana jiran mai haƙa, kwanakinsa ne ke tafiya. A gama rijiya, a gwada ta, sannan a sayi inji. Na biyu, doka na kare ka daga aibin kaya ne, ba daga ɓarnar da rijiyarka ko wayarka ta yi ba. Idan mai shago ya zazzage injin yashi ya zubo, ya kawo hujjarsa ke nan.

Wannan bai saɓa wa abin da aka sani a fiƙihun ciniki ba, wanda kotunan shari'a na Zamfara ke aiki da shi: wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da ba a bayyana masa ba, yana da zaɓin mayarwa. A can ma, abin da alƙali zai nema shi ne ko aibin ya riga ciniki ko a hannun mai saye ya faru.

Takarda ɗaya ranar sakawa

Tun ran gini, tun ran zane. Duk gardamar da ke sama takarda ɗaya ce ke raba ta, idan an cike ta ranar da aka zura inji. Ga abin da ya kamata ta ƙunsa:

- Rasit mai sunan shago, kwanan wata, sunan inji, ƙarfinsa, lambar da ke jikinsa da tsawon garanti. A ɗauki hoton lambar da waya kafin inji ya nutse.
- Zurfin rijiya, inda mataci yake, inda ruwa ke tsayawa kafin ja da bayan awa ɗaya ana ja, da zurfin da aka rataye inji.
- Minti nawa ake ɗauka kafin a cika durom ko tankin da aka san awonsa.
- Hoton gindin bokiti bayan ruwa ya kwanta.
- Kauri da tsawon waya, da bolt da amfiya lokacin da inji ke aiki. Amfiyar kada ta wuce wadda aka rubuta a jikinsa.
- Idan sola ne, yawan fanel, yadda aka jera su, da bolt ɗinsu kafin a haɗa da kwanturola.
- Awon lafiyar rufin waya da na'urar da masu wuta ke kira mega. A ma'aunin Franklin, sabon moto a cikin rijiya ya kamata ya nuna megohm 2 ko fiye, abin da ya gaza rabin megohm kuwa alamar rauni ce.

Mai sakawa ya sa hannu, mai rijiya ya sa hannu, a tura wa mai shago hotonta ta WhatsApp a ranar. Duk wannan bai fi aikin awa ɗaya ba. Mai sakawar da ba shi da mita, ko ya ce shi da ido yake ganewa, ya riga ya gaya maka irin aikinsa. Inda hali ya yi, a ba mutum ɗaya kwangilar inji da sakawa gaba ɗaya, don kada a sami wanda za a nuna da yatsa.

Idan ya riga ya mutu

Kada a yi ta danna makunni, kowace dannawa na iya ƙara ɓarna. A fara duba abin da ke sama: fis, kafasita, akwatin kunnawa, kwanturola, firikwensin ruwa. Sau da yawa inji lafiyarsa ƙalau, kafasita ce ta 'yan kuɗi kaɗan ta mutu, an kuwa biya kuɗin ciro shi a banza. Idan ta tabbata sai an ciro, a sanar da mai shago a rubuce tun kafin a taɓa, a ɗauki bidiyon cirowar, kada kuma a yanke mahaɗar waya a yar, domin ita ma shaida ce.

Wajen neman haƙƙi, a fara da mai shago, cikin mutunci, da takarda a hannu. Idan ba a daidaita ba, shugabannin 'yan kasuwa da masu unguwa sun saba raba irin wannan, kuma sau da yawa sulhu kan ƙare ne a raba asara: wannan ya kawo sabon moto, wancan ya biya aiki. Idan abin ya faskara, ana iya kai ƙorafi ga FCCPC ta shafinta na intanet, ko a tafi kotu.

Kafin kuma a zura sabon inji, a gano abin da ya kashe na farko. Rijiyar da ta ci sumo ɗaya saboda yashi ko ƙarancin ruwa za ta ci na biyu, ko da daga wace ƙasa aka kawo shi, kuma a karo na biyu ba mai shagon da zai saurare ka.